Kofi Goma Sha Ɗaya na Inna

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum Inna Mai Kofi ce ke fara isa ma'aikatar ruwa. Takan ɗebo ruwa daga manyan tankuna, ta ɗiga magani a kwalaben gwaji, ta ɗaga su ga hasken taga tana ƙanƙance ido. In komai ya yi daidai, sai ta cika tsohon kofinta mai lanƙwasasshen hannu ta kurɓa. Abokan aiki kan tsokane ta, wai na'ura ma sai ta nemi izinin harshenta. A wannan watan take ajiye aiki.

Ƙasarmu ƙarama ce, mai son ganin bayanta ba sai ya turo soja ba. Shekara uku da suka wuce, wani saƙon murya ya cika wayoyi da safe, har da tambarin hukuma na jabu, wai mutanen unguwar ƙetaren gada sun zuba guba a ruwan gari. Daga baya aka gano daga waje aka kitsa shi, amma ranar wa ya tsaya bincike? Kafin azahar matasa sun taru bakin gada da sanduna da jarkokin fetur. Rediyo ya ƙaryata, aka ce ai dama haka za su ce.

Inna ta sake gwaji, ruwa lafiya lau. 'Yarta, wadda ta rugo ofis don ta mayar da ita gida, ta riƙe mata mayafi tana kuka. Tsoro kam Inna ta ji shi, da bakinta ta faɗa. Duk da haka ta ɗauki kofi ta fita.

A famfon bakin gada ta cika shi ta shanye. Wani ya ce ba wannan famfon ba ne, ta ce ya nuna mata wanda yake nufi. Haka suka yi ta jan baiwar Allah, famfo bayan famfo, kowanne tana cika kofi tana shanyewa, har goma sha ɗaya. Sannan ta zauna kan dakali, ta ce su jira su ga gawarta kafin su ƙona gidan kowa. Awa biyu ana zuba mata ido. Can ta miƙe ta ce:

"'Ya'yana, guba dai babu. Amma don girman Allah a nuna mini banɗaki."

Dariya ta ɓarke, sanduna suka sauka. Wata mata daga ƙetaren gadar ce ta kama hannunta ta kai ta gidanta, ɗaya daga cikin gidajen da aka zo ƙonawa.

Inna, ke ce kika tsare gari da kofi guda, ba kaki, ba lambar yabo. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Mu kuma, in saƙon tashin hankali ya faɗo wayarmu, mu yi irin nata, mu gwada kafin mu tura. Albarkacin Inna, yaran ƙetaren gada har yau a gidajen iyayensu suke kwana lafiya.