Rabin Irin Wake

Jiya na buɗe tukunyar irin wake, warin tokar da ke ciki ya daki hancina. Sai na tuna tsohuwar da ke koya mana Littafi Mai Tsarki ran Lahadi a ƙauyenmu, kusa da Bagwai. Inna muke ce mata. Ba ta dogon wa'azi, aike ta fi yi.

Bayan shekarar fari, yunwa ta sa maƙwabcinmu ya dafa wa iyalinsa irin da ya ajiye. Inna ta raba nata biyu, ta miƙo min rabi a ƙwarya in kai masa.

Na ce, "Inna, mutumin da ko ruwan randarmu ba ya sha? In naki bai isa ba fa?"

Ta ce, "Kin iya karanta aya har da Turanci. Yau ki karanta ta da ƙafa. Kada ki tsaya jiran godiya."

Na kai, ina ƙunƙuni. Daminar nan rabin kunyoyinta suka zauna babu wake, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Jiya ni ma na raba nawa biyu saboda wani maƙwabci, har da ƙunƙunin. Ubangiji ya hutar da ita a wurinsa, ni kuma ya sassauta min baki.