Sunayen da Kwantena Ta Cinye

Tun hantsi Rahinatu, sakatariyar wata ƙungiyar makiyaya a Dakoro, take kallon baƙon da aka aiko daga Maradi ya gyara musu na'ura. Siriri ne, tabaransa ɗaure da zare a gefe guda. Shayinsa ya huce. Yana buga ordinatar, wato kwamfuta, allon yana amayo jan rubutu, shi kuwa sai tsaki ƙasa-ƙasa. Da gani, ya yi furfura yana gyara ɓarnar manya, ba mai ce masa sannu.

A waje mutanen Azagor na jiran a kira sunayensu a ba su dusar dabbobi.

"Madam, kwantenar, wato akwatin manhaja da ke riƙe da sunayen cikin na'ura, ta kama aiki, amma fanko," in ji shi. "Wanda ya haɗa ta bai yi mata ma'aji a waje ba. Da aka goge ta aka sake, komai ya bi ta. Ina rajistocin takarda?"

Rahinatu ta ce, "Darekta ya ce zamanin takarda ya wuce. Mai tsire ya kwashe su."

Baƙon ya cire tabarau yana duban taga. Can a inuwa wani tsoho yana gyara zama, a zatonsa layi ya kusa zuwa kansa.