Akwai Mutum a Ciki

A ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa, lokacin ɓarar gyaɗa shi ne lokacin tatsuniya. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai Iya, kakarmu ta wajen uba, ta jawo kujerarta bakin murhu, ta zube mana gyaɗa a faifai. Dokarta ɗaya ce: wanda hannunsa ya daina ɓara ba zai ji ƙarshen labari ba.

Wata shekara ana shirin tafiya suna Babura, gidan ƙanwar babanmu. Ga awaki ga rumbu, dole a bar wani ya tsare gida. Yayana Sale ya dage shi za a bari, tunda ya fi mu tsawo, har ya fara bin shanun noma. Da la'asar ɗin ranar wani baƙo ya yi sallama a zaure, Sale ya ɗaga murya daga tsakar gida ya ce, "Ba kowa!" Iya tana ɗaki tana ji. Bayan magariba muka zauna bakin wuta.

"Ku matso, ga wata nan tafe," in ji ta. "Kai Sale, mijin nan nawa mai dogon wuya, matso kusa, taka ce."

Ta ce wata mata ce za ta kasuwa, ta bar ɗanta dogo a gida. Kura ta ga fitarta, ta saka riga, ta naɗa rawani, ta tsaya a zaure ta yi sallama da muryar dattawa. Yaro ya ce ba kowa. Kura ta ce, "Madalla. Gidan da ba kowa, akuyar ciki ma ba ta kowa ba ce." Ta shiga ta saɓi akuya, ta wuce ta gabansa ko kallonsa ba ta yi ba, tunda shi da bakinsa ya ce ba ya nan.

Kasuwa ta zagayo, matar ta bar ƙanwarsa, 'yar ƙarama da ita. Kura ta dawo ta yi sallama. Yarinya ba ta taɓa ƙyaure ba, daga inda take ta ce, "Akwai mutum a ciki. Wa za a ce?" Kura ta tsaya tana lissafi. In ta faɗi sunanta, maƙwabta za su fito da sanduna. In ta ari sunan wani, yarinyar ta san muryar mutanen garinsu. Yarinya ta ƙara tambaya da ƙarfi yadda za a ji a bayan danga. Kura ta tattare rigarta ta koma cikin duwatsu.

Sale ya ce, "To ai ƙarya ta yi, Iya. Ita kaɗai ce a gidan."

"Ita ɗin tukunya ce?" in ji Iya. Muka fashe da dariya. Ta jefa ɓawon gyaɗa a wuta ta ce, "Ranar da ka fara lissafa kanka cikin mutanen gidan nan, sai a bar maka shi."

Da Sale aka tafi Babura, yana ta kumbure-kumbure. Iya ce ta haƙura da sunan ta zauna.

Yanzu a Kazaure nake da iyalina, ina zuwa ajin manya da yamma, ina koyon karatun boko. Kwanakin baya matata ta fara zuwa jinyar mahaifiyarta a wata unguwa, daidai lokacin ajin. Ko dai a bar 'yarmu Zainabu da ƙaninta a gida, ko in bar aji, alhali yanzu na fara haɗa baƙaƙe. Na tambaya a majalisarmu shekara nawa yaro zai kai a bar masa gida, kowa ya faɗi shekarun da ya ga dama, ba wanda ya dace da na wani.

Sai na kashe murhu, na shaida wa maƙwabcinmu Malam Idi, na fita kamar na tafi. Na zaga na dawo, na shaƙe murya na yi sallama.

Zainabu ta amsa daga ciki, "Wa alaikumus salam. Da mutane a ciki. Wa za a ce?"

"Baƙo ne."

"Baƙon ba shi da suna? Bari in kira Malam Idi ta katanga, sai ku gaisa."

Dariya ta sa ni tari. Sai ta ce, "Baba, tarinka ya tona ka. Ka tafi, za ka makara."

Ƙyauren dai ba ta buɗe ba.

A hanya na riƙa tunanin Iya, Allah ya jiƙanta. Muna yara na ɗauka dabarar korar ɓarawo take koya mana. Sai yanzu na gane abin da take saurara a muryar yaro: shin ya san gidan yana hannunsa, ko jiran dawowar manya kawai yake? Wannan ba a ganinsa a tsawo, kuma ba rana ɗaya yake zo wa kowa ba.

Ranar malaminmu ya ce kowa ya rubuta jimla ɗaya daga kansa. Na daɗe ina juya fensir, sannan na rubuta a hankali: Akwai mutum a ciki.