Uwar Gardama da Shari'ar Mai Fenti

Ba a kotu ta samo sunan ba. A shagon ɗinkin babanta ta samo shi, tun kanta bai kai tsayin teburin yanka ba. Wata mata ce ta zo karɓar riga, ta tarar hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tela kuwa ya kafe wai kafaɗarta ce a karkace. Sai ga yarinya ta fito daga bayan keke da ma'auni, ta auna hannun dama, ta auna na hagu, ta ce, “Baba, kafaɗarta ƙalau take, almakashinka ne ya zarce.” Matar ta tafi tana ƙyaƙyata dariya, tela ya zauna warware ɗinki yana cewa, “Yau ga uwar gardama a cikin gidana!” Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta jami'a, har ɗakin aurenta bai ƙyale ta ba.

Mijin da ta aura likitan haƙori ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Ƙannensa suna tsokanarsa, wai ya zaɓi sana'ar da mutane ke hangame baki ba su iya mayar masa da magana, sai aka rama musu a gida. Shi dai murmushi yake yi, ya ce su bar shi da kayarsa.

Shari'ar 'yan kasuwa ce aikinta, don lauya ce. Abokai biyu da suka kafa kamfani suna raha, suka wayi gari ba sa ga maciji. Mai kawo kaya da ya kawo abin da ba shi aka ce ya kawo ba. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu da tafi, aka dawo kowa yana karanta ta yadda ta yi masa daɗi. Da ta gama karatu sai ta shiga babban ofishin lauyoyi na wani mutum da kowa ke ce wa Dattijo. Shi ya koya mata tsayuwa gaban alƙali, shi ya koya mata kada ta yi wa shaida tambayar da ba ta san amsarta ba. Tana ganin girmansa ƙwarai, shi kaɗai ne in ya ce ta yi shiru take yi, ko da na ɗan lokaci ne.

Ta daɗe a ƙasa, wallahi ta daɗe. Mazan da suka same ta a ofishin suka wuce ta tana kallo, ita ke rubuta hujja, su ke zuwa karɓar yabo. Sai da furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabinta sannan aka sa ta cikin masu ofis, aka ba ta ɗaki mai taga da kujera a dogon teburin da manya ke zama su yanke shawara. Tana son kujerar nan, ba ta ma ɓoyewa. Ranar da aka ba ta, sai da ta ɗauko tsohon tela a mota ta zaunar da shi a kai, ya shafa fatar kujerar ya ce ɗinkin bai yi kyau ba.

Tana da wani hali da ya sa masu ƙara ke jin tsoron ɗakinta. Kafin ta kai mutum kotu sai ta rufe ƙofa, ta zaunar da shi, ta koma lauyan abokin gabarsa. Ta yi masa tambaya ta gaba, ta dawo ta baya, ta ƙaryata shi, ta tono abin da ya ɓoye mata, har gumi ya jiƙa masa riga. In ya yi fushi ta ce, “Gara ka yi kukanka a nan inda akwai ruwan sanyi.” Manyan 'yan kasuwa sun sha fita daga ɗakin suna rantsuwa ba za su dawo ba, washegari kuma ga su a bakin ƙofa.

Haka ta yi wa Mai Fenti ranar da ya fara zuwa. Tsoho ne mai 'yar masana'anta bayan kasuwar katako, shi da 'ya'yansa da ma'aikata kaɗan suke dama fenti suna zubawa a gwangwani mai hoton jan tsani. Duk magini ya san fentin jan tsani, ba ya ɓarewa, ba ya koɗewa. Wani ƙaton kamfani ya daɗe yana saye a hannunsa yana rarrabawa shaguna. Da suka ga kasuwa ta karɓi kayan, sai suka lallaɓa suka yi rajistar jan tsani da sunansu, suka fara zuba nasu tsinkakken fentin a irin gwangwaninsa, sannan suka aiko masa da gargaɗi wai ya daina amfani da tambarinsu. Kai, mutane! Tsohon ya zauna gabanta da fenti a ƙarƙashin farce, ya ce, “'Yata, ni na zana tsanin nan da hannuna a jikin kwali. Yanzu wai ni ne ɓarawo.”

Ta karɓi shari'ar, ta shiga cikinta da ƙafa biyu. Ta je masana'antar har warin fenti ya kama mayafinta, ta nemo tsofaffin magina da za su tsaya shaida. Lauyoyin kamfani suka yi ta jan ƙafa, yau ciwo, gobe tafiya, ita kuwa tana toshe musu hanya ɗaya bayan ɗaya, har alƙali ya gaji ya sa ranar sauraro ya ce ba sauran ɗagewa.

Ana saura ƙiris a zauna sai Dattijo ya aika a kira ta.

“Zauna, 'yata,” ya ce. Da ta ji 'yata ta san akwai magana, don ba ya kiranta haka sai zai sa ta abin da ba ta so. “Kamfanin nan sun zo. Suna so mu riƙe musu duk shari'o'insu na filaye da na sufuri. Aiki ne da zai riƙe ofishin nan shekara da shekaru.”

“Ranka ya daɗe, ai ƙararsu muke yi.”

“Shi ya sa na kira ki.”

Ga wanda bai sani ba, ofishin lauyoyi ɗaya ba ya tsaya wa mutum da safe ya tsaya a kansa da yamma, ƙa'idar sana'a ce. Kamfanin ya san da haka sarai. Ba don lauyoyi sun ƙare a gari suka hau benen ofishin Dattijo ba. So suke ƙa'idar da aka kafa don kare mai ƙara ta zama ita za ta raba tsoho da lauyarsa, shari'a tana bakin ƙofa.

“Ki nema masa wani lauya nagari,” in ji Dattijo. “Ni da kaina zan ba da suna.”

“Wane lauya zai haddace wannan tulin takardu kafin zama? Ɗagewa zai nema, kafin ya gane gabas da yamma sun cika kasuwa da gwangwaninsu, tsoho ya rufe masana'anta. Shi ya fara zuwa, ranka ya daɗe. Kai ka koya min ba a korar wanda ya fara zuwa don wani ya iso da babbar mota.”

Dattijo ya cire tabarau ya murza ido. “Na koya miki lokacin ofishin nan ɗaki ne da baranda. Yanzu dubi yawan masu cin abinci a ƙarƙashinmu. Ko fayil ɗin ya fita, ko ku fita tare. Ba ni kaɗai na yanke ba.”

Ta fito ranta yana tafasa, ba ta zame ko'ina ba sai asibitin mijinta. Ta same shi da wani bawan Allah a kwance baki a hangame, ta tsaya a kansu ta zazzage labarin duka, mai ciwon haƙori yana bin su da ido. Likita bai ɗago ba sai da ta kai aya.

“Kin riga kin yanke shawara tun a mota,” ya ce. “Kin zo ne in ce ki yi haƙuri, ki samu abokin faɗa. To, ba zan ce ba.”

Sai ta zauna a kan ɗan bencin masu jira. “Tsoro nake ji, Baban yara. Duk ƙuruciyata na zuba a benen nan. In na sauka, a shekaruna wa zai sake ba ni kujera?”

“Babu,” ya ce, don shi ba ya iya ƙarya ko ta lallashi. “Amma in kika saki tsohon nan, ni zan zauna da ke a gida, kuma na san abin da zan gani.”

Washegari manya suka hallara a dogon tebur. Wani ya ce ta duba maslaha, wani ya ce kada ta sa zuciya a aiki. Ta bar su suka gama, sannan ta miƙe.

“Na ji ku. Kun ce kada in sa zuciya, to ba zuciya na sa ba, alkawari na sa. Mutum ya hau benen nan ya damƙa mana shari'arsa, muka ce mun karɓa. Yau in an saye mu a kansa, gobe duk mai ƙarfi ya san farashin hana mu magana. Ku riƙe kamfaninku, Allah Ya sa albarka. Ni ba na sakin tsoho.”

Dattijo ya sunkuyar da kai yana juya alƙalami, kuma wannan sunkuyawar tasa ta fi komai yi mata ciwo. Ta tura kujerar cikin tebur da hannunta ta fita.

Ta kama wani ɗaki a saman shagon masu sayar da taya, ƙarar injin hura iska tana shigowa ta taga. Da ta je wajen Mai Fenti, ce masa kawai ta yi, “Baba, na sake ofis. Kana biye da ni, ko a nema maka wani?” Ya ce shi wajenta ya zo, ba wajen bene ba. Bai tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ranar zama, lauyan kamfani ya iso yana taƙama. Dogo ne da ake ce wa Ƙamshi, don turarensa ke riga shi shiga kotu. An tabbatar masa cewa Uwar Gardama za ta miƙe ta janye, a ɗage shari'a tsoho ya tafi neman lauya. Saboda haka bai zo da shaida ba, bai ko buɗe takardun ba, ɗan siririn fayil ne a hammatarsa. Da aka kira ƙara sai ta miƙe a baƙar rigarta.

“Ya mai shari'a, ni ke tsaya wa mai ƙara. Shaidunmu suna waje, a shirye muke.”

Ƙamshi ya waiwayo kamar an taka masa ƙafa. Ya miƙe yana in-ina, yana roƙon a ɗage.

“A kan wane dalili?” in ji alƙali. “Ba kana nan na ce ba sauran ɗagewa ba?”

To, me zai ce? Ya ce mun ɗauka mun saye lauyar mai ƙara? Sai ya ce an samu rashin fahimta.

“Wace irin rashin fahimta? Ya mai shari'a, ya faɗa mana mu ma mu fahimta,” in ji Uwar Gardama, fuskar nan tata ba alamar dariya.

Alƙali ya dube shi ta saman tabarau ya ce a ci gaba. Mai Fenti ya shiga akwatin shaida ya ba da labarin jan tsani tiryan-tiryan. Ƙamshi ya lalubo 'yan tambayoyi ya jefa masa, tsoho yana amsawa yana kallon lauyarsa, kamar yana cewa wannan ne abin da kika sa ni gumi a kansa? Magina suka biyo baya. Kafin a tashi alƙali ya ba da umarni kamfani ya dakatar da sayar da fenti a gwangwanin jan tsani har sai an yanke hukunci. Ba a gama shari'a ba, amma masana'anta ba za ta rufe ba.

A baranda Ƙamshi ya tare ta, ya kasa haɗiye haushinsa. “Sai ki ji daɗi. Kin zubar da kujerarki a ofishin Dattijo saboda gwangwanin fenti. Mu ga wanda zai sake ɗaukarki a garin nan.” Ya wuce fuu.

Mai Fenti yana tsaye a gefe, ya ji komai. Ya matso a hankali.

“'Yata, gaskiya ne? Korarki suka yi saboda ni?”

“Ba wanda ya kore ni, Baba. Da ƙafata na sauko.”

“Haba, 'yata! Haba! Da kin faɗa min ai da na haƙura. Na bar musu tsanin, na zana wani abu. Ni tawa ta kusa ƙarewa, ke kuwa...” Sai hawaye suka zubo masa, yana sharewa da bayan hannu.

“Na san za ka haƙura,” ta ce, ta ƙara ɗaure fuska. “Shi ya sa ban faɗa maka ba. Su ma haƙurinka suka dogara da shi tun farko. Share idonka, mutanensu na kallonmu, kada su ga ko ɗigo.”

Tsoho ya share fuska da hularsa, ya miƙe ƙirji. Ta sunkuya ta ɗauki kwalin takardu ɗaya, ta nuna masa ɗayan da haɓa.

“Kama min wancan, Baba. Yanzu ba ni da mai ɗaukar min kaya, kuma matakalar sabon ofishin tana da tsayi.”