Ƙyallen Shuɗiyar Riga

Yayana ya yi aiki a gidan burodin wani Bagirike kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, shi da abokinsa, wani Bahaushen Sudan mai dariya kamar an zubar da kwanuka. Ɗaki ɗaya suka kama a unguwar Nuzla. Babu wanda ya yi aure a cikinsu. Mutane suka gaji da tambaya, suka koma yi da ido.

A bakin Bagiriken yayana ya samo labarin wasu jarumai biyu na kakannin Girkawa. Ɗaya ya sa sulken ɗaya ya fita yaƙi, aka kashe shi. Wanda ya rage ya bar wasiyya a haɗa tokarsu a tulu guda, don a al'adarsu ƙona gawa suke yi. Bagiriken ya ce aminai ne kawai. Amma in yayana ya zo gidana da la'asar yana ba 'ya'yana labarin, sai ya ƙara masa gishiri. Jarumansa a kofi ɗaya suke shan shayi, ɗaya yana cire wa ɗaya furfura. Nakan ce, "Yaya, Girkawan nan naka ko a Nuzla suke haya?" Sai ya yi dariya ya kau da kai.

Na gane, ban kuma taɓa furtawa ba. Ina son yayana, ina kuma tsoron abin da na gane.

Tarin fuka ne ya ɗauke abokin. Daga ranar yayana bai ƙara ba da labarin ba. Shuɗiyar rigar mamacin ya riƙa sawa har ta koɗe, wuyanta ya zare. Da shi ma ciwo ya kwantar da shi a ɗakina, ya kama hannuna ya ce, "Ƙanwata, kusa da shi. Don Allah."

Na faɗa wa mijina. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ki bar maganar nan. A garin nan wa ke zaɓen kabari? Ko suna ba a rubutawa." Gaskiya ya faɗa. Ni kuma mace ce, ko ƙofar maƙabarta ba za a bar ni in taka ba.

Ranar da yayana ya cika, ni aka ba likkafanin in turara. Na yanko ɗan ƙyalle daga wuyan shuɗiyar rigar, bai kai tafin hannu ba, na cusa shi can cikin ninki. Na ce a raina, ko wannan ya isa tulu guda.

Bayan an dawo daga jana'iza, dattijon maƙwabcinmu da ya yi masa wanka ya yi sallama a bakin labule. Ya miƙo hannu ta gefe.

"Ya binti, 'yata, kin manta tsumma a cikin likkafani. Alhamdu lillahi na gani kafin mu naɗe. Fari tas ya tafi."

Na karɓa, na ce masa Allah ya saka da alheri.