Ranar da Muka Auna Dodo a Kabo

A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madara suka zama abin bin layi, ni ne malamin awo a wani siton sayen gyaɗa a Kabo. Gyaɗar kuwa ta riga ta yi ƙaura daga ƙasarmu. Abin da ya rage shi ne sikeli, babba, mai farantin ƙarfe, wanda nake gogewa kowace safiya. Da yake babu aiki, bakin siton ya zama majalisar dattawa daga la'asar zuwa magariba.

Jagoran majalisar taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, dillalin shanu. Tun ƙuruciya kowannenmu yake da'awar ɗayan bawansa ne. Allah Ya hore masa ido: zai kewaya sa sau ɗaya, ya dafa tozo, ya matsa ƙugu, ya faɗi nauyinsa, idan mahauta suka yanka su tarar bai kauce ba. Sai dai tun daga kakar shekarar da nake ba da labarinta ya fara ramewa. Babbar rigarsa ta koma tamkar ta aro, ga ƙishirwa da ba ta barinsa. Iyalinsa sun yi magiya, ni ma na yi, ya ce lafiyarsa ƙalau, ba zai je asibiti a Gwarzo ba. Na ce to ya hau sikeli mu gani, ya ƙi, domin a wurin mutanenmu na da ba a ɗora ɗan Adam a kan ma'auni kamar buhu. Awon mutum yana jiran ranar hisabi.

Hirarmu a wancan zamani ba ta da iyaka. Mun taɓa shafe mako muna gardama a kan ko mutum ya fi tsawo da safe, har muka riƙa zana iyakar tsawon ladaninmu da gawayi a jikin bango, da asuba da kuma yamma, aka tarar da bambanci kamar faɗin farce. Wani dattijo daga Gude ya ce gawa ta fi mai rai nauyi. Taubashina ya ce sam, mai rai yana taimakon mai ɗaukarsa ne kawai. Daga nan muka gangara kan halittun tatsuniya, shi yana yanke hukunci. Doguwa, in ji shi, ba ta da nauyi ko na ƙwayar gero, tun da ba a taɓa ganin sawunta ba. Ɗan ruwa kuwa bai wuce maraƙi ɗan wata shida ba, sauran duk jiƙa ce.

Wata Laraba aka zo kan Dodo. Taubashina ya gyara zama, ya ce wannan sai da lissafi. A yadda kakarmu take ba mu labari, Dodo ya haɗiye maza arba'in da bijimai uku kafin a farke cikinsa, kuma dabba ba ta ɗaukar abincin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jikinta. Bijimai ya san nauyinsu. Saura na namiji guda.

"Ku sa ni a matsayin namijin," in ji shi. "Kilo saba'in da biyar."

Nan take na ga ƙofar da na daɗe ina nema. Na ce, "Bawana, yau dai idonka ya ci amanarka."

"Wane ne bawanka? Kai da ba ka iya sanin nauyin kaza sai ka tambayi ƙarfe?"

"Ƙarfen ba ya son kai. Idan harsashin lissafi ya karkace, Dodon da za ka fitar ɗan akuya ne. Jama'a, ku shaida, dillali yana tsoron sikeli."

Majalisa ta kwashe da dariya. Ladan ya ce, "Alhaji, kada ka bari ɗan boko ya ci ka da baki." Dattijon Gude kuwa ya ce a bari, ba a auna mutum.

Taubashina ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Shekara talatin ba a taɓa ƙaryata idonsa a bainar jama'a ba. Ya tuɓe takalmi, ya yi bismillah, ya hau.

Na ajiye ƙarfen awo a kan saba'in da biyar, sandar sikelin ba ta motsa ba. Na janyo shi saba'in, shiru. Sittin, shiru. Dariya ta ɗauke. Sai a hamsin da huɗu sandar ta ɗaga ta daidaita. Ban faɗi lambar ba, shi ma bai tambaya ba, gama yana kallon hannuna. Ya sauka, ya sa takalminsa, ya yi wa kowa sallama ban da ni.

Washegari da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da hula da sanda. Ya ce, "Kana tsammanin ban sani ba? Ni da nake sanin saniya mai ciwo daga nesa? Ban so abin ya fito fili a gaban mutane ba ne." Na ba shi haƙuri. Ya ce haƙuri sai daga baya, in ɗauko babur.

Na goya shi zuwa Gwarzo. A hanya sau biyu ina waiwaye don in tabbata yana nan. Likita ya ce ciwon sukari ne, ya hana shi shayi da rake, ya ɗora shi a kan magani. Allah Ya ƙara masa kwanaki masu yawa, har ya ga shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ya aurar da 'yar autarsa. Amma bai sake zama a bakin sito ba. Idan muna son hirarsa, zaurensa muke zuwa, mu zauna a inda ya nuna mana.