Da Rubutun Gwaggo Na Haɗiye Ƙwayata

Jiya da hantsi ina ɓare ƙwayar maganina sai ga Gwaggo, yayar babanmu, ta iso daga Wurma da gorar rubutu a jaka. Tun kafin ta zauna ta kafe hannuna da ido.

Ina da ciwon da likitoci ke kira bipolar. In ya ɗaga ni, barci ƙaurace mani yake, in yi ta nafila ina jin kamar an buɗe mani sama, mutane suna cewa baiwa ce. In ya kayar da ni kuma, ko alwala gagarata take, su ce imanina ya yi rauni. Duka biyun ciwo ne, amma babu mai yarda.

Gwaggo ta ce, "Malam ya ce iska ce. Ki aje ƙwayoyin nan, ki riƙe Allah."

Na tsiyaya rubutun a kofi, na yi bisimilla, na jefa ƙwayar a baki na kora da shi.

Ta dafe ƙirji. "Ke! Haɗa su kika yi?"

Na ce, "Gwaggo, ai ba su taɓa faɗa ba. Mu ne ke haɗa su faɗa."

Ba zan bar magani ba, ba zan bar addu'a ba. Tun da na riƙe ƙwayar nan nake sallar asuba a kan lokaci, da hankalina.

Masu irin lalurata, ku me ake ce maku a gida?